Firjin da Inna Ta Rufe da Zane

Shekarar da na gama jami'a na dawo gidanmu a unguwar Limawa, cikin Dutse, zama ya gagare ni. In na zauna a tsakar gida sai in ji ɗaki nake so. In na shiga ɗaki sai in tsaya bakin taga ina kallon duwatsun garin nan, waɗanda ke zaune kan juna tun kafin a haifi kowa, ba su taɓa ƙosawa ba. Har haushinsu nake ji. Na nemi aiki ko'ina, shiru. Inna, mahaifiyata, takan bi ni da ido ta ce, "Ke kam kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai."

Mu mutanen shanu ne, ko da yake ni a gari na tashi. Garken da kakata ta bari yana wajen Aujara, a hannun Kawu, yayan Inna. Da damina ta sauka madara ta yi yawa, sai na roƙe shi ya riƙa aiko min jarka guda kowace safiya a motar haya. In dafa ta, in bar ta ta huce, in zuba mata ɗan tsohon nono, in rufe ƙwarya da faifai ta kwana ta zama kindirmo irin na Kaka, sannan in zuba a ƙananan robobi in sayar. Ya yarda. Ya ce, "To, malama mai digiri ta dawo ga ƙwarya. Madalla, dama can nan aka fito."

Inna ma ta yarda, amma da sharaɗi. Firjinmu muka ja zuwa ɗakin ajiya, ta ɗauko tsohon zanenta na atamfa ta lulluɓe shi har ƙasa.

"Kada kowa a unguwar nan ya ji," in ji ta. "Abin da aka fara ba a nuna shi sai ya yi ƙafa. Ko ciki ɓoye shi ake yi. Baki ba ya barin abu ya girma."

Ban yi musu ba, don sharaɗin ya yi min daɗi. A gidanmu ba a yabon abin kai. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta ce 'yarta ta iya wani abu. Da wannan kunyar na girma, har ta zame min kamar fata. Saboda haka tallan da na yi, a waya na yi shi, na kuma ware lambobin duk wanda ke Limawa don kada ya gani. Nakan ɗauki hoton ƙwarya a hasken safiya, in rubuta a ƙasa cewa farinsa kamar wata ya sauko ya kwanta a ruwa. Ƙawayena na makaranta, waɗanda suka watse Kano da Kaduna da Abuja, su aiko min da alamar zuciya. Wata ta ce in rubuta littafi. Ba wadda ta sayi ko roba ɗaya, don ba wadda ke kusa.

Mai wani shago kusa da tasha kaɗai ke karɓar kaɗan. Saura kuwa ya zauna a firji, wuta ta zo ta tafi, ya yi tsami. Muka sha da fura har muka gundura. Na kaɗa wani na fitar da mai. Abin da ya kamata shi ne in raba wa maƙwabta, amma in na raba sun ji ke nan. Sai na koma zubar da shi gindin lemun tsamin da ke jikin katanga, ina yi ina waige kamar ɓarauniya. Duk wanda ya tashi cikin shanu ya san nauyin wannan. Ko ɗigo ne ya zuba a ƙasa, Kaka takan dangwala da yatsa ta shafa a goshi.

Ban san yadda zancen ya kai Aujara ba, ina jin Inna ce ta yi suɓutar baki. Kawu ya kira ni, muryarsa babu wasa.

"'Yar nan, masu tattara madara suna zuwa har ruga da babura, sun daɗe suna bi na. Na ce musu ina da mai karɓa. To, shanun uwarmu ba don bishiya ake tatsarsu ba. Zan shigo Dutse in gero ya fara fitar da kai. In na tarar ana zubarwa, jarka ta daina zuwa. Ba fushi ba ne."

Na ce, "To, Kawu." Na ajiye wayar na zagaya tsakar gida ban san iyaka ba. Jarkar nan ita kaɗai ce abin da ke tashe ni da safe da dalili. In ta daina zuwa, sai ni da taga da duwatsu.

Wadda ta kama ni ita ce maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda muke kira Anti. Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta daɗe tana aiki a sakatariyar jiha, ba ta iya magana a hankali ba ko da sirri ne. Wata safiya ina tsaka da juye roba sai na ji murya a saman kaina. Ta hau turmi tana leƙowa.

"Ashe ke ce! Ni ina ta zagin magudanar ruwa, ina cewa ƙudan nan daga ina. Me kike zubarwa haka?"

Na ce, "Ba komai, Anti. Ɗan nono ne ya lalace."

"Ɗan nono? Wannan ai tafki ne. Buɗe min ƙofa."

Ta shigo ta gaida Inna, ta bi hancinta har ɗakin ajiya, ta ɗaga zanen. Ta ɗauki roba ta wannan safiyar ta buɗe ta kurɓa a tsaye, ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta dube mu kamar mun ci amanarta.

"Hajiya, tsakani da Allah! Katanga ɗaya! Ina shiga adaidaita har cikin kasuwa in sayo wa yarana wani ruwa-ruwa mai ɗanɗanon alli, ga wannan a bayan ɗakina?"

Inna ta gyara mayafi. "Maƙwabciya, ba rowa ba ce. Baki muke gudu."

"To ai bakin ne zai sha, Hajiya. In kin gudu daga baki, wa zai saya? Kunne?"

Inna ta so ta ɓata rai, dariya ta ƙwace mata. Anti ta zauna kan tabarma ta jawo ni kusa. Ta ce a Littafinsu akwai misalin da take so tun tana yarinya, cewa ba wanda zai kunna fitila sannan ya kifa mata kwano, sai dai ya ɗora ta inda za ta haska wa mutanen gida. Ta nuna firjin da haɓa. "Ga fitila, ga kwano. Har da atamfa."

Na nuna mata wayata don ta ga ba zaune nake ba. Ta karanta zancen wata da ruwa, ta ce ya yi daɗi, sannan ta tambayi inda masu aiko zuciyar suke. Da na faɗa mata sai ta tafa hannu. Ta ce akwai wani misalin kuma, na manomin da ya fita watsa iri, wani ya faɗi kan hanya tsuntsaye suka tsince, wani kan dutse, wani cikin ƙaya, sai wanda ya faɗi a ƙasa mai kyau ne ya yi tsiro. "Malaminmu a coci zancen zuciyar mutum yake yi da shi, kada ki ce na ce kasuwa ake nufi. Amma ni dai na ga kina ta watsa iri a kan titin Abuja. Mai shan kindirmonki mace ce da ke fita tun safe ba ta karya ba, rana ta yi tana ofis tana hamma. Na san su, da su nake zama. Gobe ki shirya."

Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da gari ya waye sai na tarar ta wanke ƙwaryar Kaka da ludayinta ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Robobin na jera a kula, ƙwaryar kuwa na cika ta na rungume a cinya cikin adaidaita, ina danne faifan a kowane rami.

A inuwar wata bishiya bayan ofisoshi Anti ta ajiye ni, ta shiga ta fito da mata biyar ko shida. Wata doguwa mai tabarau ta dubi kular ta ce, "'Yammata, mai kyau ne?"

Bakina ya riga ni. "To, ga shi nan dai. Ba wani sosai ba ne."

Anti ta mintsine ni a hannu har sai da na zabura. Matar ta ɗaga gira ta soma juyawa. Na san abin da ya kamata in ce, na karanta shi, amma harshena ya ƙi. In ce nawa ya fi na kowa? Ji na yi kamar an ce in cire mayafi a tsakiyar kasuwa.

Sai idona ya sauka kan ludayin. Na tuna Kaka a ranar kasuwa, tana zaune bayan ƙwaryarta. Ban taɓa jin ta yabi nononta ba. In mai saye ya tambaya, sai ta ɗaga faifai, ta ɗebo a ludayi ta miƙa, ta kau da kai gefe. Na buɗe faifan, na ɗebo, na zuba a ɗan kofi na miƙa wa mai tabarau.

Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta ce, "Wannan daga ina?"

Wannan tambayar kuwa ina da amsarta. Na ce daga Aujara ne. Na ce akwai wata farar saniya mai karyayyen ƙaho da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata magana a kunne. Na ce yanzu ciyawar fadama suke ci, shi ya sa man ya yi rawaya a sama. Na ce kawuna yana tatsa kafin rana ta fito, madarar tana iso ni da sauran ɗuminta. Ina cikin magana na lura ban ji kunya ba. Ashe abin da aka hana ni shi ne yabon kaina. Yabon shanu kuwa gadonmu ne, har kirari ake yi musu.

"Kai, rabona da irin wannan tun kakata na da rai," in ji matar. "Ba ni uku. Kuma ki ce wa mai karyayyen ƙahon ina gaisuwa."

Na dawo gida da kula babu komai. Daga nan suka riƙa faɗa wa juna, wasu har suka fara biyo Anti gida bayan an tashi aiki. Mutanen Limawa suka ga ana shiga ana fita, asiri ya tonu. Inna ta cire zanen da hannunta, ta ninke, amma kullum sai ta tofa addu'a a murfin firjin kafin in buɗe. Ranar da wuta ta ƙi zuwa har rabin kayan suka yi tsami, ta dube ni ta ce, "Na dai faɗa." Ni ma sai da zuciyata ta raya min hakan.

Hankalina bai kwanta ba, damuwar ce ta sake kama. Da ina tsoron ragowa, yanzu ina tsoron kasawa. Mai shagon tasha ya ce in riƙa haɗawa da madarar gari da ɗan ruwa, jarka ɗaya ta zama biyu, ba mai ganewa. Na kwana biyu ina juya zancen. Da na gaya wa Anti, ta ce Littafinsu ya yi kashedi mai zafi kan ma'aunin zamba. Inna tana tankaɗe a gefe ta ce, "Namu ma haka." Ba su ƙara ba. Ni kuma na tuna na riga na faɗa wa mutane sunan garin da kamannin saniyar. Ba zan iya sa ta yin ƙarya ba.

Kawu bai sanar da zuwansa ta waya ba. Wata ranar da yamma, gero ya fitar da kai a gonakin bakin hanya, sai ga shi da sandarsa a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ya miƙe ya nufi gindin lemun tsami. Ya tona ƙasar da bakin sanda. Busasshiya ce, sai tururuwa. Ya dawo ya zauna.

Inna ta ce min, "Ke, kawo wa kawunki nono ya jiƙa maƙoshi."

Na shiga ɗakin ajiya na buɗe firji, ko da yake na san abin da zan gani. Wata malamar asibiti ta kwashe na ƙarshe kafin la'asar. Abin da ya rage sai ɗan irin da zan kwantar da na gobe. Na fito da kofin ruwa a kan faranti, na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

"Ya ƙare, Kawu."

Inna ta yi salati. "Yaya ya taso tun daga ruga, a gidan ƙanwarsa a ba shi ruwa? Wannan abin kunya da me ya yi kama!"

Kawu ya karɓi kofin ya shanye. Ya goge gemu, kafaɗunsa suna motsi, sai na gane dariya yake yi.

"Bar ta," ya ce. "Tunda nake ban taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba."

A daren ya koma Aujara. Washegari na riga motar isa tasha, na kasa tsayuwa wuri ɗaya, ina leƙa kowace bas da ta shigo. Jarkar ta zo, ɗaure da igiya kamar kullum, da sauran ɗuminta. Direban ya ce dattijon ya ce a gaya min madarar mai karyayyen ƙaho ce a sama.

Har yau in baƙuwa ta tambaye ni ko mai kyau ne, sai na ji "ga shi nan dai" ta taso min har maƙoshi. Nakan haɗiye ta, in ɗaga faifai.