Sirdin Malama Riskuwa

Zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, Malama Riskuwa kan hau keke daga unguwar Nasarawa zuwa garin Zauro koyarwa. Sirdinta faffaɗa ne, ɗinkin wani badukun Argungu. Ta yi ta shafa masa man shanu har fatar ta saba da zamanta, ƙugunta ya bar ciwo.

Sai ƙanenta Labbo ya ari keken, ya maido shi da sirdin roba.

"Yaya, wancan ya tsufa, na yar."

Ta yi godiya, ciwo ya dawo. Bayan damina, ga sirdinta a keken Labbo!

"Labbo, nan ne jujin?"

Ta ƙwace abinta. Ashe fatar ta riga ta saba da zaman Labbo. Ko sirdin ma ya manta da ita.