Tambarin da Kulu ta Warware

Idona ya daina ganin kafar allura, amma har gobe ina ganin ranar da aka warware rigar Madugu a zauren Malam Ummaru. Ku masu koyon ɗinki, ku ɗan dakata da aiki ku ji.

Lokacin Nasara bai fi shekara goma sha biyar da shigowa ƙasar Gwandu ba, ni ne na biyu a zauren. Maigida ke zana adon riga da tawada, mu da hannunmu ya faɗa mu bi zanen da zaren tsamiya, masu koyo su yi kalmasa. Mata kuwa nasu kaɗi ne a cikin gida. Mace ta kaɗa zare, ta miƙo shi ta bakin ƙofa, iliminta ya ƙare ke nan. Ban san wanda ya yi wannan rabo ba, amma kowa na rantsuwa da shi aka halicci duniya.

A watan Sha'aban wani madugun fataken goro daga Kalgo ya kawo riga, yana son ta kafin Sallah. Malam ya ga lokaci ya yi da za a san magajinsa, sai ya ware tambarin baya, wato adon nan mai da'ira, ya ce ɗansa Bello zai yi, ni in sa ido. Bello ɗan shekara goma sha biyu ne, yana riƙe allura kamar wanda aka ba fartanya. Sai ya fara shiga da rigar cikin gida bayan azahar, wai ya fi samun natsuwa. Da safe ɗinki ya dawo sumul, layi na bin layi kamar sawun tantabara a kan rairayi.

Na tsare shi, ya faɗa mini gaskiya. Ƙanwarsa Kulu, mai kawo mana fura ta daɗe a bakin ƙofa tana kallo, ita ke ɗinkin. Shi kuma yana kaɗa mata nata rabon auduga a bayan rumbu. Uwa na ta yabon zaren Kulu, uba na ta yabon ɗinkin Bello, gida ya zauna lafiya a kan ƙarya biyu. Washegari Kulu ta ajiye ƙwaryar fura, ta ce da ni a hankali, "Baffa Sambo, don Allah kada a karɓe mini allurar."

Ni kuwa a lokacin mutum ne mai yawan mafarki. In na ga farin wata sai in yi ta kewar budurwar da ban taɓa gani ba. Na riga na tsara labarin a zuciyata: za a gano gwanar da ke ɓoye, uba ya zub da hawaye, gari ya ɗauka.

Saura kwana goma Sallah Madugu ya zo duba aiki. Ya shafa tambarin, ya ɗaga shi a rana, ya ce wannan hannun namiji ne tsantsa, mace ko za ta shekara ɗari ba ta da haƙurin irinsa. Malam ya kumbura don alfahari. Sai Madugu ya roƙi a ba shi aron Bello wata guda a Kalgo, ya yi wa 'ya'yansa riguna. Malam ya amince nan take. Bello ya kalle ni kamar ɗan akuyan da ya ga wuƙa.

Na gyara murya, na faɗi wadda ta yi aikin, har da ɗan murmushina, ina jiran hawayen nan.

Madugu ya saki rigar kamar akwai kunama a ciki. Ya sake leƙawa daga nesa, ya ce ai dama tun farko ya lura ɗinkin ba shi da ƙarfi. Ya ce ba zai shiga idi da aikin yarinya a gadon bayansa ba, a warware.

Malam bai doki kowa ba. Ya aika aka kira Kulu, ya miƙa mata aska a gabanmu, ya ce, "Ke kika saƙa abin kunyar, ke za ki kwance." Ta zauna a bakin ƙofa tun hantsi har la'asar tana tsinke zare ɗaya-ɗaya, masu koyo na ƙyalƙyala dariya. Ba ta yi kuka ba. Bello kuwa yaran unguwa suka laƙaba masa Inna Bello, uwarsa ta ce zaren da ya kaɗa bai dace da komai ba sai ɗaurin buhu, zaren da jiya take nuna wa maƙwabta.

Ni na sake tambarin cikin kwana bakwai. Wallahi bai kai rabin nata ba. Madugu ya gani ya ce yauwa, yanzu aka yi aiki.

Bayan Sallah allura ta faɗi a bakin zaure, ƙanwar Kulu 'yar shekara huɗu ta kai hannu. Kafin in yi magana Kulu ta buge mata hannu, ta ce, "Ajiye. So kike a yi mana dariya?"

A nan na koyi abu biyu game da sana'armu. Mai riga ba ɗinki yake dubawa ba, sunan mai hannun yake dubawa. Kuma ba a bukatar bulala don a koya wa yaro matsayinsa. A yi masa dariya yini guda a gaban mutane, shi da kansa zai tsare ƙofar har ya tsufa. Gwanar da ta fi kowa a zauren nan ba ta sake taɓa allura ba, kuma bakina ne ya jawo mata.