Malam Ƙasimu da Tsarabar Alhamis

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, bayan azahar, aka bugo mini waya daga makarantar su Safina a nan Nassarawa GRA, cewa Allah Ya yi wa Malam Ƙasimu Kaura Goje rasuwa. Na daɗe a zaune, ina tunanin bakin da zan faɗa wa 'yata.

Malam, ka san ciwon sikila ya hana Safina sakat. Duk ranar da motar makaranta za ta yawon buɗe ido madatsar Tiga ko gidan zu, ita ce mai gadin aji. Daga ƙarshe ta ce ta bar boko, tunda kullum ita ake bari a baya. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Kai ne ka zo har gida, ka ce mata Alhamis akwai tafiya, kuma ba mai tashi sai da ita.

Ashe motar taka majigi ce da intanet. Ka ja labule, ka haska bango, ka kai 'yan aji huɗu ƙarƙashin teku suna zaune a kan bencinsu. Amma kai ba ka yarda kallo ne ba. Sai an yi addu'ar tafiya, sai kowa ya nuna guzurinsa, ko da gyaɗa ce. In an ɗauke wuta ka ce mota ta mace, a sauko a tura, yara su yi ta tura tebur suna ihu har a tada janareta. Mu iyaye mun yi maka dariya, mun ce dattijo da wasan yara. Yau ga shi muna neman wasan, mun rasa.

Dokarka guda ce: matafiyi ba ya komawa gida hannu rabbana. Kowane yaro sai ya kai wa wani tsarabar abin da ya gano. Ta haka na san dalar Masar da dutsen da ke aman wuta, ina tsinkar zogale a tsakar gida. Safina ta warware, har ta fara gardamar kifi da babanta.

Da ta ji rasuwarka ta ninke kayan makarantarta ta cusa a ƙasan akwati. Wallahi na tsorata, na ce mun koma gidan jiya.

Ranar addu'ar uku na tafi da ita gaisuwa. Maiɗakinka, Hajiya Jummai, ta riƙe hannunta ta ce, "Ke ce Safinar? Ai ni ma duk Alhamis sai ya kawo mini tsaraba, ga shi shi kansa ko Kaduna bai taɓa wucewa ba. Yanzu kuma shi ke nan."

Safina ta ce, "Baba, ni zan riƙa kawo miki."

Malam, ran Litinin da kanta ta goge kayan. Wata malamarsu, Malama Amanda, ta karɓi majigin, kuma jiya Alhamis da yamma na raka Safina gidanka a Kaura Goje, ta kai wa Hajiya labarin ƙasar ƙanƙara da ke can ƙarshen duniya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce masaukinka. Ya bai wa Hajiya Jummai da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙurin rashi. Ka yi tafiyar da ba a dawowa, amma ba ka bar 'yata a baya ba.