Zayyanu Mai Katin Hoto

A unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, idan ka tambayi shagon Zayyanu Riskuwa, ba kowa zai gane ba. Amma ka ce Zayyanu Mai Kati, sai a nuna maka wani ɗan shago kusa da mai gyaran babur, inda wani siririn mutum mai tabarau yake zaune tsakanin matattun kwamfutoci. Katin da ake nufi ba na waya ba ne. Wani ɗan allo ne mai fanka da ake sokawa cikin kwamfutar tebur don ta iya ɗaukar hoto da bidiyo masu nauyi. 'Yan sana'a suna ce masa girafik.

A Augie aka haife shi, gidan manoman albasa. Tun yana yaro aka gane hannunsa bai karɓi fartanya ba, sai aka tura shi Birnin Kebbi karatu. Da ya gama sakandare ya samu aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Gesse. Wata rana maigidan ya yi tafiya, Zayyanu ya kwance kwamfutar shagon don ya ga abin da ke ciki. Da ya mayar, kusoshi uku suka rage a hannunsa, kuma ta tashi lafiya lau. Shi da bakinsa yake cewa tun ranar ya yanke wa kansa hukunci biyu: shi injiniya ne, masu ƙera kwamfuta kuma ɓarnar kusa suke yi.

Da ya buɗe nasa shagon, sai ya shiga tara tsofaffin katuna daga kwamfutocin gwanjo. Yana da guda goma sha ɗaya a cikin wani kwalin taliya, kowanne naɗe da tsumma. Ya san shekarar da aka fitar da kowanne, da wutar da yake ci, da zafin da yake yi a watan Afrilu. HD 5450 shi ne dattijon cikinsu, ba shi da fanka, ba ya ƙara, ba ya kuma sauri. Akwai GT 730 mai ma'adana gig huɗu, wanda masu saye suke rububinsa saboda girman lambar, alhali ma'adanarsa ta jinkiri ce. Sai abin alfaharinsa, GTX 750 Ti, gig biyu kacal, amma ya fi mai huɗun gudu nesa ba kusa ba, kuma ba ya neman ƙarin wayar wuta. Wanda ya zo a sa masa waƙa a memori sai ya ji duk wannan kafin a sallame shi. Matarsa Nana takan ce ya haddace shekarun katunan, amma shekarun 'ya'yansa sai ya waiwayo ya tambaye ta.

A kakar bara ne Munira, 'yar kawunsa da ke Argungu, ta kira shi. Tana haɗa bidiyon walimar saukar karatu da na suna, mutane suna kawo mata abin da suka ɗauka ta tsara musu. Ta ce kwamfutarta ta fara tsayawa tsakiyar aiki, wani lokaci ma ta mutu gaba ɗaya. Bai bari ta ƙarasa ba ya ce ciwon a fili yake, ba ta da kati. Washegari ya sa katunan nan uku a jaka ya shiga mota.

Ɗakin aikin Munira yana zauren gidansu, katanga ɗaya da injin casar shinkafa. Mahaifinta, Kawu Hammadu, wanda duk rayuwarsa a fadama ya yi ta, yana zaune kan buzu a gefe yana jan carbi. Zayyanu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya buɗe kwamfutar. Ciki cike yake da ɓuntun shinkafa, fankar ma ta daina juyawa sosai. Ya hure, ya share da buroshi ba tare da ya mai da hankali ba, don hankalinsa yana kan jawabin da yake shirin yi.

Ya fara soka dattijon. Aka kunna, bidiyon ya tafi ba tsayawa. Ya ce ta lura, akwai ɗan nauyi a motsin hannun malamin da ke hoton. Ya cire, ya sa mai gig huɗu. Ya ce an samu ci gaba, amma launin rawanin bai fito yadda ya kamata ba. Munira ta matso da fuskarta kusa da allo, ta ce ita dai ba ta ga bambanci ba.

"Idonki bai saba ba ne," in ji shi. "Wannan abu sai wanda ya daɗe a cikinsa."

Sannan ya warware tsumman na ukun a hankali, ya soka, ya kunna, ya koma ya harɗe hannuwa. Ya ce su dubi yadda hoton yake gudu kamar ruwa, ya kawo lambobi, ya kawo shekaru, har ya rantse ko daga bakin ƙofa mutum zai gane an sauya kati.

A nan Kawu Hammadu ya ajiye carbi. Daga inda yake zaune, bayan kwamfutar yake gani.

"Zayyanu, ni ban san wanga aiki ba," ya ce. "Amma wagga igiya da ta hito daga talabijin ɗin, tun sahe tana rami guda. Abin da kake sakawa kuwa na ga shi da nashi ramin, ba a sa mishi komi ba. Haka a ka yi?"

Zayyanu ya zagaya ya duba. Wayar allon tana nan a tsohon soket ɗinta na jikin kwamfutar. Duk katunan nan uku ba wanda hotonsa ya taɓa isa allo. Abin da ya warkar da kwamfutar, ɓuntun da ya hure ne.

Yakan ce ya daɗe a tsugune a bayan teburin, ba don aikin yana da wuya ba, sai don bai san da wace fuska zai miƙe ba. Munira, da yake taubashiyarsa ce, ba ta raga masa ba. Ta tambaye shi cikin ladabi ko launin rawanin ya gyaru yanzu.

Ya mayar da wayar inda ya dace, aka sake gwaji daga farko. A wannan karon bambancin ya fito da gaske, kuma na ukun ne ya yi gaba, kamar yadda ya faɗa. Sai dai ba wanda ya yaba masa. Munira ta riƙe katin, shi kuma ya ba ta shawarar ta rufe tagar da ke kallon injin casa.

Kawun ya rako shi har bakin titi, ya sa aka ɗora masa rabin buhun shinkafa a mota. Da za su rabu ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya ji komai, in aiki ya sake cije masa a Birni, ya aiko a kira shi.