Hannun da Ban Ɗaga wa Surukina Ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai surukina makwancinsa a Adabka, kuma har yau ban taɓa ambaton sunansa da bakina ba. A wurinmu ba a yin haka. Mahaifin matarka ba abokin hirarka ba ne. Ka hango shi ka kauce, in kun yi kiciɓis ka durƙusa ka gaishe shi idonka na ƙasa. Baba nake ce mishi, har a jami'ar da muka yi aiki tare, shi yana koyar da kimiyyar ƙasa, ni ina shugabantar sashen tarihi.

Sa'ad da gubar dalma ta faɗa wa Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinari a tsakar gida inda yara ke rarrafe, Baba bai zauna ofis ba. Da furfurarsa ya hau mashin, yana bin ƙauyuka yana ɗibar ƙasa a leda. Ya dawo da magana guda: baƙin da suka zo taimako za su koma gida, ramukan haƙar zinarin kuwa suna nan. Dole jami'a ta buɗe sashen da zai koya wa 'ya'yan Anka da Bukkuyum da Gummi auna ƙasa da ruwa, da yadda za a nemi zinari ba tare da an binne yara ba. Shekara uku ya yi kan takardar wannan buƙata. Kwamiti ya mayar da ita, Baba ya gyara, ya sake kaiwa.

Ga wanda bai sani ba, ba a buɗe sabon sashe ko sabon digiri sai majalisar malaman jami'a ta amince. Mai buƙata zai gabatar, sannan wani ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya faɗi sunan mai buƙatar, ya ce ya mara masa baya. In ba a sami mai marawa ba, ko muhawara ba za a yi ba.

Ran da Baba ya gabatar wa majalisar, ina cikin zauren. Maganarsa ce ta ƙarshe, La'asar ta gabato, kowa ya ƙosa. Baba ya gama bayani ya zauna. Shugaba ya ce, "Wa zai mara wa Dokta baya?"

Ban da Baba, ni kaɗai ne ɗan yankinmu a wurin. Na san gidajen da ake magana a kai, jikar yayata tana cikin yaran da aka rasa. Amma ta yaya zan miƙe in kira sunan surukina gatsau a gaban jama'a? Tun da na ɗauki alƙalami, bari in faɗi sauran: na ji tsoron a ce wane ya tsaya wa gidan matarsa. Na sunkuyar da kai ina jujjuya biro, ina cewa wani zai ɗaga. Babu wanda ya ɗaga. Magatakarda ya ja layi, aka shafa fatiha.

A bakin ƙofa na durƙusa kamar kullum. Ya ce in gaishe da mutanen gida, ya wuce da fayil ɗinsa a hammata. A shekarar ya yi ritaya, bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah. Da ma ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

Watan jiya majalisar ta amince da buɗe sashen, ni na gabatar, hannuwa suka tashi rututu. Tun daga ranar ake ta yi mini barka, wai na yi hangen nesa. Wane hange? Fayil ɗinsa ne. Inna, surukata, ita ta ciro shi daga akwatin ƙarfe bara, ta turo mini da shi ta bakin labule. "Ga shi nan," in ji ta, "ya ce in ba ka in ka tambaya. Na gaji da jiran ka tambaya."

A shafin ƙarshe akwai gurbin da ake rubuta mai mara baya. Sunana na gani a wurin, da fensir, da rubutun hannunsa. Ashe ni ya sa wa rai. Kunyar da ta hana ni ɗaga hannu ita ta hana shi ya roƙe ni.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Na san ba zai tsaya taya murna ba. Zai tambaya ko an sayi na'urar awo, da wa zai kai ɗalibai Bagega yanzu da hanya ba ta biyuwa. Zai kuma lissafa 'yan yankinmu nawa da tuni sun gama karatun nan suna aiki, da an buɗe shi a lokacinsa. Wannan lissafin ne ba na iya yi, don ban san yara nawa suka ci gaba da wasa a gurɓatacciyar ƙasa saboda shiruna ba.

Kunya tarbiyya ce, ban yar da ita ba. Amma ranar ba ta Baba na ji ba, kaina na kare. Abin da ya rage nasa shi ne sashen nan, kuma ba nawa ba ne. Abin da ya kamata in miƙe in faɗa a zauren, yau ga shi a jarida: na mara wa Dokta Sahabi Ɗanjumma baya. Allah ya jiƙan shi, ni kuma ya yafe mini.