Ranar da na yi wa Baffa tafinta wurin sayen mota

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata sakandare a Ƙauran Namoda ba, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji kamar in rufe fuska. Abokaina na kusa sun san gutsuri-gutsurinsa, amma ban taɓa ba da shi daga farko har ƙarshe ba.

Akwai aminin mahaifina, Bafulatani ne, makiyayi kuma manomi a wani ƙauye da ke bayan Zurmi. Baffa muke ce masa. Bayan rasuwar mahaifina bai yanke zumunci ba. Duk sanda ya shigo Ƙaura sai ya biyo gidanmu da man shanu ko damin gero, ya gaida mahaifiyata daga zaure, ya tambayi karatun ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Matarsa, wadda muke kira Goggo, tana fama da hawan jini da kumburin ƙafa, kuma duk wata sai an kawo ta asibiti a Ƙaura. A babur ake ɗauko ta, ta iso a galabaice. Wannan ne ya sa Baffa ya kai bijimansa kasuwar Shinkafi ya sayar, ya ce mota zai saya, tunda babban ɗansa ya iya tuƙi.

Sai ya zo wurina. Ya ce shi shanu ya sani, daga tafiyar saniya yana gane lafiyarta, amma mota da takardunta sai mu 'yan boko. Ya ce in raka shi in zama idonsa.

Ni kuwa a lokacin ko babur na kaina ban da shi, keke napep nake hawa zuwa makaranta. Abin da na sani game da mota bai wuce inda ake zama ba. Amma dattijo kamar Baffa ya tako har gida ya ce ni ne idonsa, ina zan iya buɗe baki in ce ban sani ba? Na ce masa kada ya damu. Ranar ma har da sa sabuwar shadda da maƙala biro a aljihu.

Dillalin da muka je wurinsa wani magidanci ne mai furfura kaɗan a gemu, yana da ɗan fili a bakin hanyar Gusau inda yake jera motoci biyar ko shida a inuwar darbejiya. Baffa ya ƙyalla ido ya ga wata fara mai dogon baya, irin wadda za a iya shimfiɗa wa marar lafiya katifa a ciki, a kuma ɗora buhu ranar kasuwa. Ya ce wa dillalin duk maganar da zai yi ya yi da ni.

Na fara aikina. Na zagaya motar sau biyu ina harbin tayoyi da ƙafa, don na ga ana yin haka. Na ce a buɗe bonet, wato murfin injin, na yi ta laluben inda ake ja ban samu ba, sai da dillalin ya miƙo hannu ya buɗe min. Na leƙa ciki na ga ƙarafa da wayoyi, na gyaɗa kai kamar likita. Na karɓi takardu na karanta Turancin da ƙarfi don Baffa ya ji.

A nan ne dillalin ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, gaskiya guda zan gaya maka. Giyarta da ƙafafunta lafiya lau, amma gasket ɗinta ya fara tafiya. In an yi nisa tana ɗaukar zafi. Ku sa makanike ya duba ya canza shi kafin a hau hanya. Shi ya sa ma na sassauta farashinta."

Ban taɓa jin kalmar gasket ba a rayuwata. A raina na ɗauka wata roba ce ta jikin ƙofa ko wani abu makamancin haka. Batun zafi kuwa na ce ai kowace mota tana zafi in ta yi tafiya. Tambaya ɗaya ce ta rage min, in ce mene ne gasket, amma Baffa yana tsaye a gefena, wasu mutum biyu suna zaune a benci suna kallonmu. Sai na ce, "To, to, na gane."

Baffa kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Ya karkato kai ya ce, "Mi yac ce, ɗana?"

Na ce, "Ba komi, Baffa, wani ɗan ƙaramin abu ne."

Dillalin ya sake cewa ga garejin makanike can tsallaken titi, a kira shi yanzu, ba zai ɗauki lokaci ba. Na ce ba sai an kira kowa ba, na riga na duba. Tsorona shi ne makaniken ya zo ya yi min wata tambaya a gaban jama'a. Aka yi ciniki, aka rubuta takarda, na zaro birona na sa hannu a matsayin shaida. Ɗan Baffa ya ja mota suka tafi, Baffa yana ta sa min albarka ta taga.

Mako uku aka yi. Ranar da za a kawo Goggo asibiti, cikin tsakiyar bazara, sun baro Zurmi ke nan mota ta fara hayaƙi ta gaba. Ɗan Baffa ya tsaya ya zuba mata ruwa, suka ci gaba. Ba su yi nisa ba injin ya yi wata ƙara ya mutu. Wurin ba gari ba ne, kuma lokacin an riga an fara tsoron tsayawa a wannan hanya. Suka fito da Goggo suka zaunar da ita a gindin wata bishiya tun hantsi har bayan azahar, motocin haya suna wucewa a cike, babu mai son tsayawa. Daga ƙarshe wata motar hatsi ce ta tausaya musu, aka ɗora Goggo a kan buhunan masara. Ko da suka iso Ƙaura likita ya tashi. Gidanmu aka kawo ta, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi fita, mahaifiyata tana yi mata fifita tana ba ta ruwa da ludayi.

Washegari aka jawo motar zuwa gareji. Makaniken ya kwance saman injin, ya ce gasket ne ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, injin ya buga, sai dai a sa wani. Ya ƙara da cewa da an canza shi tun farko, aikin yini guda ne.  Ya ɗago wani siririn faifai mai ramuka, baƙi ƙirin, ya nuna mana. Ranar na fara ganin gasket.

Abin da ya kamata in yi a wurin a bayyane yake. Amma maimakon haka sai na hau faɗa. Na ce an cuci dattijo, an ga Bafulatani ne daga ƙauye an danna masa mushen mota. Ina faɗa ina ƙara jin zafi, har na kusa yarda da kaina. Da yamma na zauna na rubuta dogon bayani a Fesbuk. Ban kama sunan dillalin ba, amma na kwatanta filinsa da darbejiyar da ke wurin yadda duk ɗan Ƙaura zai gane. Na iya rubutu, wannan kam ba na musu. Kafin kwana biyu an yaɗa shi a zaurukan sada zumunta na waya har Shinkafi. Sannan na rubuta takardar koke na kai wa shugaban dillalan mota na garin.

Aka sa mana ranar zama a rumfar shugaban, bayan sallar azahar. Ga ni, ga Baffa da ɗansa, ga dillalin, ga wasu dattawan sana'ar. Na karanta kokena da murya irin ta aji. Da aka ba dillalin dama bai ɗaga murya ba. Ya maimaita abin da ya gaya min ranar, kusan kalma da kalma, har da makaniken tsallaken titi. Shugaban ya juyo ya ce, "Malam, an gaya maka ko ba a gaya maka ba?"

Na ce ban tuna an yi wannan maganar ba.

Dillalin ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, ya daɗe yana yi, sannan ya sunkuyar da kai. Shugaban ya tambayi Baffa ko yana da abin cewa. Baffa ya gyara zaman sandarsa ya ce, "Awo, ya yi magana. Ban ji duka ba, amma na ji ya ambaci makanike har sau biyu. Ni na sayi mota, ni ya kamata in tsaya sai an duba. Ba ni da ƙara bisa mutumin ga."

Bai kalle ni ba, bai ambace ni ba. Ni kuma na yi shiru. Duk cikin labarin nan, wannan shirun ne ya fi ci min rai.

Shugaban ya yanke cewa ciniki ya zauna, tunda an bayyana aibin mota kafin a saya. Ya ce koke haƙƙin mai saye ne in an ɓoye masa wani abu, amma wanda aka ce ya duba ya ƙi dubawa, ba shi da bakin kuka. Dillalin da kansa ya ce zai nemo musu inji mai kyau a Gusau, kuma ba zai ci ko sisi a kai ba. Haka aka yi. Baffa ya sake kai wata saniya kasuwa.

Wata huɗu ina gudun Baffa. In na ji sallamarsa a zaure sai in tuna ina da aiki a makaranta, in bi ta ƙofar baya. Mahaifiyata ta lura. Wata rana ta tsare ni ta tambaye ni abin da ke tsakanina da aminin mahaifina, na gaya mata komai. Sai ta ce ba ita zan gaya wa ba, na san hanyar Zurmi.

Ranar Asabar na hau babur ɗin haya na tafi. Na iske shi a bayan gida yana ɗaure maruƙa. Bayan gaisuwa na durƙusa na ce masa dillalin ya gaya min komai ranar, ban gane kalmar ba, na ji kunyar tambaya, kuma a gaban shugaba ƙarya na yi. Ya gama ɗaurin da yake yi, ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "Na sani, ɗana. Tun sanda ka kasa buɗe gaban motar nan na gane ba ka san ta ba."

Na tambaye shi to me ya hana shi sa a kira makaniken. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na riga na ce wa mutane kai ne idona. In na ce a kira wani, na kunyata ka gaban su, na kunyata kaina. Kai ka ji kunyar tambaya, ni na ji kunyar a ga ɗana bai sani ba. Goggonka ce ta sha rana saboda mu biyu."

Sannan ya ce shi ya yafe tuntuni, amma akwai wanda na ɓata wa suna, kuma wannan ba shi zai yafe min ba.

Zuwa wurin dillalin ya fi min wuya. Na same shi yana goge gilashin wata mota. Na ba shi haƙuri a gaban mutanen da ke wurin. Ya ce ya yafe, amma tun da na yi rubutun nan mutum uku sun fasa ciniki da shi, kuma surukinsa ma sai da ya kira shi ya tambaye shi. Ya ce in da hali in rubuta gaskiyar a inda na rubuta ta farko. Na goge tsohon rubutun, na yi sabo, na ce ni ne mai laifi. Wancan na farko ɗaruruwan mutane sun yaɗa shi. Wannan na biyun, 'yan tsiraru ne suka ko kula.

Tun daga lokacin, in na ji wani yana kukan an cuce shi a cinikin mota, ba na saurin ƙaryata shi, don macuta suna nan da yawa, kuma wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin ya kai ƙara. Amma nakan tambaye shi a hankali: me aka gaya maka ranar, wa ka kai ya duba, me ka sa wa hannu? Na koyi cewa "ban gane ba, a sake min bayani" ba ta rage wa mutum komai. Ina faɗarta yanzu a gaban ɗalibaina ma, kuma ba wanda ya taɓa raina ni a kanta.

Goggo ta rasu bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙanta. A motar nan aka yi ta kawo ta asibiti har ƙarshe.

Bara wani sabon malami a makarantarmu ya ce min yana son sayen mota. Na ce ya je wurin dillalin nan na bakin hanyar Gusau, mutumin kirki ne. Sai ya girgiza kai ya ce a'a, an ce macuci ne, wai shekarun baya ya cuci wani tsohon Bafulatani har wani malami ya tona masa asiri. Muna tsaye a bakin ofis, an kaɗa ƙararrawar shiga aji. Na ce masa ya ɗan dakata, ajin zai jira. Na ce, "Zauna in gaya maka. Ni ne malamin."