Sandar da Wastiyas Bai Ƙona Ba

Wastiyas masassaƙi ne a ƙauyenmu na gindin dutse, tafiyar rabin yini daga birnin Filatiya. Ubansa masassaƙi, kakansa masassaƙi, shi kuma aka haife shi da siraran ƙafafu da manyan hannuwa, don haka ba a ma tsaya shawara ba. Sau ɗaya aka kai shi yaƙi. Ya dawo da garkuwarsa ko ƙwarzane babu, ya ce abokan gaba ne suka yi ta kauce masa. Waɗanda suka je tare da shi suka ce gyaran amalanken abinci aka sa shi. Duk da haka ba wanda ya kai shi son labarin jarumai. Duk mawaƙin da ya sauka a dandali da molonsa, Wastiyas na gaba, baki sake, yana jin yadda wane ya kashe dodo, wane ya saɓa 'yar sarki a kafaɗa ya haye teku da ita.

Abincinsa a bikin aure yake. Da an sauke amarya daga amalanke, sai a zare sandar da ke riƙe ƙafafun amalanken a ƙona ta a ƙofar ango, kowa ya shaida cewa abin da ya kawo ta ba zai mayar da ita ba. Kowane aure da sabuwar sanda, kowace sanda kuwa daga hannun Wastiyas.

Yana da shekara talatin ya auri Zofira, 'yar wani makiyayin awaki daga ƙetaren rafi, gajera, harshenta ya fi gizagonsa kaifi. Wata uku ya yi yana sassaƙa sandar da za ta ɗauko ta, har ya zana ganyen zaitun a bakinta biyu. Aka kawo amarya, aka watsa musu busasshen ɓaure da dabino, aka hura wuta a ƙofa, kowa ya ga sanda ta ci wuta. Suka zauna shekara ashirin da bakwai. 'Ya'ya huɗu, biyu suka rayu, suka yi nasu gidajen.

Ran nan rufin ɗaki ya fara yoyo. Zofira ta gaji da jiran mai gyaran kayan kowa ban da na gidansa, ta hau da kanta. A can tsakanin azara ta ci karo da wani dogon abu naɗe cikin fatar akuya. Ta sauko da shi tsakar gida, ta warware. Sanda ce, tana ƙyalli don shan mai, da ganyen zaitun a bakinta biyu.

"Masassaƙi, zo nan. Wannan 'yar gidan wa ce?"

Wastiyas ya fito da gizago a hannu, ya gani, ya nemi wurin zama.

"Uwar yara, tsohon ice ne kawai."

"Tsohon icen da ake shafa wa mai? Ni yaushe rabonka da ka sayo mini na shafawa? Ranar da aka kawo ni ba abin da nake gani ta ƙarƙashin lulluɓi sai ganyen nan. Me aka ƙona a ƙofata?"

Ya yi ta kallon yatsun ƙafarsa. Can ya ce cikin cunkoson mutane ya musanya ta da wata.

"Wace?"

"Ta amalanken taki."

Zofira ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce, "Sau uku ina ɗaure kayana a gidan nan. Kowane karo sai in tuna an ƙona hanya a gaban alloli da mutane, in kwance. Ashe a kan tokar amalanken taki nake zaune."

Ta ɗaura sandar a kan jaki, ta haye rafi, ta nufi gidan wanta.

Kwana goma Wastiyas yana cin busasshen burodi da albasa. Yunwar ba ta dame shi ba kamar shirun gidan. Sai ya kai kuka wurin abokinsa Dameyas mai sayar da giyar inabi, mutumin da mata biyu suka mutu suka bar shi, kuma ana zaton sun huta.

Dameyas ya ce, "Kai da ka haddace labaran duniya? Sarkin alloli ma uwargidansa ta taɓa yi masa yaji. Lallashi ya je yi? Amaryar ice ya sa aka sassaƙa, aka lulluɓe ta a amalanke, aka ce sabon aure zai yi. Da gudu ta zo ta fizge lulluɓin, ta ga ice, ta yi dariya, suka shirya. Kai kuwa ga ice ga gizago."

Abin da su biyun suka manta shi ne, ba yaron da bai san labarin nan ba a ƙasarmu. Mu ne fa muke jan amaren ice zuwa kan dutse duk lokacin bikin tunawa da shi, kuma Zofira ce ke ɗinka musu lulluɓi.

Kwana huɗu ya yi yana sassaƙa. Rana ta biyar da hantsi ya ɗora amaryar icen a amalanke, ya ɗauko mai sarewa, Dameyas na gaba yana shelar aure, suka haye rafi. Suka tarar da Zofira a ƙofar wanta tana kaɗin ulu. Suka wuce, ba ta ɗago ba. Suka juyo suka sake wucewa. A karo na uku mai sarewa ya gaji.

Ta ce, "Sannu, sarkin alloli. Amaryar taka ba ta jin ƙishirwa? Tun ɗazu take cikin rana, ko motsi."

Wastiyas ya sauko. Ya ce wa mai sarewa da Dameyas su matsa can gindin zaitun.

"Zofira, ki dawo gida."

"In dawo in yi me? Ka ajiye hanya a saman kaina don ran da ka gaji da ni ka ɗora ni ka maido wa wana. Faɗi gaskiya in ji."

"Ba haka ba ne."

"To rowar ice ce."

"Da ita kaɗan," in ji shi. Ya share hannuwansa a riga. "Duk sandar da na yi, na san wuta za ta ci, don haka yi kawai nake. Waccan ce kaɗai na yi da zuciya ɗaya. Na kai ta bakin wutar, na tuna ita ta ɗauko ki, hannuna ya ƙi. Na so in gaya miki, sai na ji tsoron bakinki. Shekara ta bi shekara."

Zofira ta naɗe zarenta a hankali har ya ƙare. Ta tashi ta ɗage lulluɓin amaryar, ta daɗe tana dubawa.

"Hancina bai kai haka ba."

"Fuskar mace ɗaya na iya."

Ta kira wanta ta ce ga itacen girki an kawo masa. Ta shiga ta fito da sandar, ta hau amalanke ta ɗora ta a cinya. Wastiyas, don murna, ya ce yau ɗin nan za su ƙona ta a ƙofa a gaban kowa.

"Taɓa ta ka gani. Ƙarƙashin gadona za ta zauna, kuma kai za ka ci gaba da shafa mata mai. Ja mu tafi, tsoho."

Ya ƙara shekara tara a duniya. A cikinsu sau biyu Zofira ta sa shi ya ɗaura wa amalanke sandar da hannunsa ya kai ta gidan wanta a ƙetaren rafi, kowane karo ta yi kwana biyu ta aiko ya zo ya ɗauke ta. Tari ne ya kashe shi, cikin sanyi, ya bar wata sanda rabin sassaƙa. Tun daga lokacin, a ƙauyenmu uwar amarya ce ke zare sanda da kanta, ta jujjuya ta da kyau, sannan ta jefa a wuta.